Gara ta cinye sunansu, ta bar godiyar

Mai Faifai:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Masu sanin tsofaffin kiɗan Turawa su matso kusa, ina da cigiya. Makon jiya muka buɗe akwatin ƙarfen marigayi kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi karatun injiniya a Birmingham daga 1972 zuwa 1975. Tun rasuwarsa akwatin na ɗakin ajiya ba wanda ya taɓa. Mun zaci takardun makaranta ne kawai. Suna nan kam, amma can ƙasa sai ga ɗaurin jaridun waƙa na Ingila, su NME da Melody Maker da Record Mirror, sun yi ja kamar an tsoma su a shayi. Gara ta yi musu kaca-kaca.

Wani shafi ne ya tsayar da ni. Ya rabu da 'yan uwansa, kuma ba labari ba ne, talla ce, shafi guda cur. Hoton mutum huɗu ne, sai dai daga ƙugu zuwa sama gara ta kwashi rabonta, har da sunan ƙungiyar. Abin da ya rage ƙafafu takwas cikin wanduna masu walƙiya, da takalma masu tudu kamar an ɗaura musu tubali, sai rubutu da manyan baƙaƙe a ƙasa, suna gode wa duk wanda ya zaɓe su, ya sayi faifansu, ya zo kallonsu a wannan shekara. Shi ke nan. Ba farashi, ba ranar wasa, ba sunan sabon faifai.

Su wane ne waɗannan? Kuma me zai sa mutum ya sayi shafin jarida sukutum don kawai ya ce na gode?

Ɗan Tasha:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kawu. Ta farkon ban sani ba, amma ta biyun ko yaro ya san amsarta. Ruwa ba ya tsami banza. Godiyar ɗan kasuwa ai kira ce ta “sai ka dawo”.

Injiniyan Sauti:
Amin. Mai Faifai, duba kusurwar ƙasa, galibi nan kamfanin faifai ke manna tambarinsa. In ka ga Polydor, Slade ne. In RCA ne, Sweet. In RAK ne, Mud. Duk ukun mutum huɗu-huɗu ne, kuma duk sun sa irin takalman nan a 1973 da 1974. Irin kiɗan shi ake kira glam rock, mu ce 'yan ƙyalƙyali.

Mai Faifai:
Yaya, wannan kusurwar ce ta manne da tsatsar akwati. Da na ɗago ta sai ta zube kamar garin kuka.

Ɗan Tasha:
Wannan garar 'yar adawa ce. Ta san inda take ci.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana Mai Faifai, ka tayar mini da tsohon tsumi. Ni ma a shekarun nan ina can, kwas aka tura mu daga wurin aiki, kuma a yankin da kawunka ya zauna. In dai Birmingham ce, zan sa hulata a kan Slade. Ba don na gane ƙafafunsu ba, don a wannan yankin su ne 'yan gida. Wolverhampton da Walsall suka fito, tafiyar 'yan mintuna a jirgin ƙasa daga Birmingham, yankin masana'antu da hayaƙi da maƙera. 'Ya'yan talakawa ne, kuma ba su ɓoye ba, ko a rediyo da harshen unguwarsu suke magana, wanda mu da muka koyi Turancin makaranta sai mun kasa kunne sosai.

Bari in ba ku yadda mako yake tafiya a lokacin, don sai kun san shi za ku fahimci shafin nan. Ranar Talata da rana gidan rediyon BBC ke sanar da jerin faifan da suka fi kasuwa. Yara har ƙaramar rediyo suke ɓoyewa a jaka su je da ita makaranta. Tsakiyar mako jaridun waƙa su fito, ka saya da 'yan kwabbai, tawadarsu ta ɓata maka yatsu baƙi ƙirin. Ranar Alhamis da yamma kuma a kunna talabijin don shirin Top of the Pops. A gidan da na yi haya, uwar gidan da 'ya'yanta biyu ba mai motsi in an fara, mai gidan kuma yana bayan jarida yana tsaki, amma ina lura da ƙafarsa tana bin kiɗan. To ban da waɗannan uku, sai wasiƙa. Babu wata hanyar da mawaƙi zai yi magana da jama'arsa kai tsaye. In yana son ya ce wani abu da bakinsa ba tare da ɗan jarida ya juya masa magana ba, sai ya sayi fili.

Ɗan Tasha:
Ranka ya daɗe Baba, na yarda babu Facebook a lokacin. Amma wa ya biya kuɗin shafin? In kamfani ne ya biya, to kamfani ne ke godiya, kuma godiyar kamfani mun san ta.

Tsohon Ɗan Jarida:
Ɗan Tasha ya taɓo inda nake da abin cewa, don na yi shekaru a teburin talla na wata jarida. Shafin godiya ba mutum ɗaya ake aika wa ba, ko da kuwa sunan mutum ɗaya ke kai. Mai karatu yana gani ya ji daɗi. Amma mai shagon faifai ma yana gani, ya ce ashe waɗannan suna tafiya, bari in ƙara oda. Mai zauren wasa yana gani. Abokan hamayya suna gani, su ji haushi. Sannan ita jaridar kanta ta karɓi kuɗi, kuma jaridar da ta ci kuɗinka ba ta cika manta sunanka ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ga wani abin da za ku yi dariya. Ita jaridar ce ke shirya zaɓen gwanayen shekara. Ta buga 'yar takardar zaɓe a ciki, sai ka sayi jarida kafin ka samu. Ka yanke, ka cike, ka sa a ambulan, ka manna kan sarki. Ta ci kuɗinka sau ɗaya. Ranar da sakamako zai fito kowa ya ruga ya saya, ta ci sau biyu. Sannan waɗanda suka yi nasara su zo su sayi shafi su gode wa masu zaɓe, ta ci sau uku. Kuma NME da Melody Maker da ake ganin kamar kishiyoyi ne, kamfani ɗaya ke da su a lokacin, IPC. Duk inda ka jefa kwabonka, aljihu ɗaya yake faɗawa.

Mu ma haka muke yi. Da an naɗa wani sarauta ko muƙami, tun kafin ya gama karɓar gaisuwa mun aika yaro da takardar farashi wurin abokansa: cikakken shafi nawa, rabi nawa. Akwai wanda ya taɓa sa muka buga masa shafin godiya ga jama'ar da suka halarci bikin 'yarsa, har yau bai biya ba, ni aka cire wa a albashi. Tun daga nan in na ga kalmar godiya da manyan baƙaƙe sai in taɓa aljihuna.

Ɗan Tasha:
Alhamdu lillahi, shaida daga cikin gida. A rufe zance.

Malama Uwar Biyu:
A'a, ba a rufe ba. Ku maza da kun ji an ambaci kuɗi sai ku ce an gama bincike. Don abu ya zama da riba ba shi ke nuna ƙarya ne ba. Mai shagon da nake sayen atamfa yana yi mini barka da salla, ya san zan dawo, ni ma na san ya sani, amma ranar da mahaifina ya rasu har gida ya zo. Wanne ne na gaskiya a ciki? Duka biyun.

Ni abin da ya ja hankalina shi ne wahalar da mai zaɓen ya sha, wadda Malam ɗan jarida ya lissafa yana dariya. Yarinya 'yar shekara 13 ta tara kuɗin kashewarta, ta sayi jarida, ta nemi almakashi, ta sayi kan sarki, ta taka zuwa akwatin gidan waya cikin sanyi. Wannan ba danna hoton zuciya ba ne a waya. Wanda aka yi wa haka bashi ne a kansa. Yaba kyauta tukuici.

'Yar Damagaram:
Malama kin tuna mini da katin zaɓi sonka. Iyayenmu a nan Damagaram har ƙungiya suke da ita, a sayi kati, a cike sunayen waɗanda za a gaisar, a aika Rediyon Kaduna, a zauna jiran ranar da za a karanto. Wani sai ya yi wata yana jira. In aka ambaci sunansa kuwa, ranar unguwa ba ta barci. Ina ganin daɗin da yaron Ingila zai ji in ya buɗe jarida ya ga gwanayensa sun ce mun gode, shi ne dai wannan, ko da ba a rubuta sunansa ba.

Amma tsakani da Allah kayan nan fa? Na je na nemo hotunan su Slade da Sweet ɗin. Maza da kwalli da jan baki da gashi har kafaɗa, ɗaya ma goshinsa duk ƙyalli.

Almajirin Malam:
Abin da nake shirin faɗa ke nan. Maza sun yi shigar mata suna tsalle, mu kuma mun zauna muna tafka muhawara a kan ƙafafunsu. Wannan lokacin da an karanta wani abu mai amfani da ya fi.

Shugaban Zaure:
Malam, an ji, Allah ya saka da alheri. Amma zauren nan na tarihi da al'adun duniya ne, makon jiya ma kan jirgin ƙasan Baro muka kwana. Sanin abin da mutane suka yi ba shi ne yin sa ba. A ci gaba, a kuma kiyaye harshe.

'Yar Damagaram:
Ni dai ba zagi na yi ba. Mu da muke da Wodaɓe masu shafa fuska su yi layi a Gerewol, ba mu ne za mu ce ba mu taɓa ganin namiji da kwalliya ba. Mamaki kawai na yi da aka ce 'ya'yan maƙera ne.

Injiniyan Sauti:
Hajiya ai abin dariyar ke nan, kuma su kansu sun san abin dariya ne. Wanda ya fara shi da gaske Marc Bolan ne na ƙungiyar T. Rex, da ya fito a Top of the Pops a watan Maris na 1971 da ƙyalli a ƙarƙashin idanu. Shi siriri ne mai kyan fuska, abin ya zauna masa. David Bowie kuma ya mai da shi wasan kwaikwayo, ya ƙirƙiri wani mutum Ziggy Stardust ya shiga rigarsa a 1972. Su Slade da Sweet kuwa ƙarti ne, in ka cire kwalliyar sai ka rantse masu ɗora kaya a mota ne. Slade ma kafin nan, a 1969, ƙwal-kwabo suka yi da manyan takalman sojoji, bisa shawarar manajansu Chas Chandler, wanda shi ne ya kai gwanin jita Jimi Hendrix Landan a 1966. Da abin bai karɓe su ba suka bar gashi ya tsiro. Mai waƙarsu Noddy Holder ya samo doguwar hula ya manna mata madubai zagaye, in fitila ta haska shi sai hasken ya riƙa yawo a kan 'yan kallo. Mai goshin ƙyallin da kika gani Dave Hill ne, mai jita.

To ga inda nake son Ɗan Tasha ya saurara. A shekarun nan mawaƙan Ingila gida biyu ne. Akwai 'yan babban faifai, su Led Zeppelin da Yes da Pink Floyd, waƙa ɗaya ta yi minti goma ko ashirin, ɗaliban jami'a su zauna su rufe ido suna gyaɗa kai. Led Zeppelin ma a zamaninsu ƙin fitar da ƙaramin faifai suka yi a Ingila, wai sun wuce nan. Waɗannan su ne 'yan lelen manyan marubutan jarida, musamman Melody Maker, wadda tun 1926 take, ta kuma ɗauki kanta jaridar masana kiɗa. Sai kuma 'yan ƙaramin faifai, waƙar minti uku, masu sayenta yaran makaranta da 'yan masana'anta. Nan 'yan ƙyalƙyali suke. Marubuta da yawa kallon kayan yara suke yi musu. Sweet sun fi kowa shan wannan raini, don wasu mutum biyu, Nicky Chinn da Mike Chapman, su ke rubuta musu waƙoƙin da suka yi tashe, su kuma sai su cusa nasu masu nauyi a bayan faifan don a san sun iya.

Yanzu ka sa kanka a takalminsu, duk da tudunsa. Jaridar da ke yi maka dariya a shafi na 10, ka sayi shafi na 11 ka cika shi da hotonka, ka gode wa mutanen da suka sa ka fi gwanayenta kasuwa. Godiya ce, ba musu. Amma akwai habaici a ciki. Kamar matar da dangin miji suka raina, ranar suna ta tashi a tsakar gidansu ta yi ta gode wa ƙawayenta da suna ɗaya-ɗaya.

Malama Uwar Biyu:
Wallahi wannan misalin ya zauna. Na taɓa ganin an yi, kuma ba wanda ya iya cewa uffan, don ai godiya take.

Amma ni a matsayina na malamar makaranta ina da ƙorafi a kan Slade ɗin nan. Na duba sunayen waƙoƙinsu, duk rubutun a karkace. Ta farkon da ta kai su lamba ɗaya a 1971 sun rubuta ta “Coz I Luv You”. Da ɗalibina ne da jan biro ya ƙare a kansa.

Baba Mai Ritaya:
Malama, takwarorinki na can sun riga ki. Malaman makaranta sun yi ta ƙorafi a lokacin cewa ana lalata musu yara. Su kuwa da gangan suke yi, yadda ake furtawa a unguwarsu suke rubutawa, irin rubutun bango. Kuma wannan zai iya taimakon Mai Faifai. Ɗana, rubutun godiyar daidai yake ko a karkace?

Mai Faifai:
Baba na sake dubawa da fitilar waya. Daidai yake, ban ga kuskure ba.

Ɗan Tasha:
To hular Baba ta tafi.

Baba Mai Ritaya:
Ba ta tafi ba, ɗan nema. Ai ba kullum suke karkatawa ba, kuma talla wani ma'aikacin ofis ne ke tsara ta. Ina nan kan bakana, kuma ga dalilina. In akwai waɗanda suka ci bashin jama'arsu a shekarun nan har ya kamata su biya a bainar jama'a, su ne.

Ku duba 1973 kawai. Faifai uku suka fitar da kowanne ya faɗo kai tsaye a lamba ɗaya a makonsa na farko. Kafin su, rabon da a ga haka tun Beatles a 1969. Wannan ba ya faruwa sai in yara sun je shago sun ba da suna tun kafin faifan ya fito, ko sun yi layi ranar farko. Ran 1 ga Yuli suka cika Earls Court a Landan, zauren da ke cin mutum dubu goma sha. Kwana uku bayan nan mai gangarsu Don Powell ya yi mummunan haɗarin mota a Wolverhampton. Yarinyar da ke tare da shi ta rasu, shi kuma ya yi kwanaki bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo ƙwaƙwalwarsa ba ta riƙe sabon abu, sai a gaya masa magana yanzu anjima ta gudu, har ya koma rubuta komai a littafi kullum. Ƙanen Jim Lea mai jitar bes ne ya riƙe masa ganga a wasannin da aka riga aka sayar da tikiti. Ba su sallame shi ba, suka jira shi, ya dawo ana tuna masa yadda waƙa ke farawa kafin a buga. Ina can a lokacin, na ga yadda yaran unguwa suka ɗauki abin kamar ɗan gidansu ne ke kwance.

Ƙarshen shekarar kuma ƙasar ta shiga wani hali. Rikicin masu haƙar kwal da gwamnatin Firaminista Edward Heath, ga tsadar mai, har aka ce daga farkon Janairun 1974 masana'antu kwana uku kawai za su samu wuta a mako, talabijin ma ƙarfe goma da rabi na dare ake rufewa. Mu 'yan Najeriya muna ta dariya a ɗaki, wai mun zo ƙasar Turawa mun tarar da kyandir. A cikin wannan duhun waƙarsu ta Kirsimeti ta fito, ta sayar da sama da miliyan, har yau duk Disamba sai an buga ta. Mutanen da aka rage wa kwanakin aiki su suka fitar da kuɗin. In ka zo ƙarshen shekara irin wannan ka sayi shafi ka ce mun gode, ni ban ga wayo a ciki ba, ko da akawun kamfani ya ga nasa.

Injiniyan Sauti:
In ƙara a kan na Baba. Faifan da ya fara ɗaga su a matsayin gwanayen dandali, Slade Alive na 1972, a ɗakin ɗaukar sauti aka yi shi amma aka gayyato 'yan kallo suka cika wurin, ihunsu da tafinsu na cikin faifan. Ni da nake wannan sana'a na san wuyar hakan, yawanci korar hayaniya muke yi, su kuwa kiranta suka yi. Waƙoƙinsu ma an gina su ne yadda taro zai amsa, kamar 'yan amshi. Ka cire jama'a, rabin kiɗan ya tafi.

Ɗan Tasha:
To na sassauta, amma ban sauka ba. Tambaya ɗaya. Da tashen ya wuce, sun ci gaba da sayen shafin godiya? Ko godiyar ta ƙare tare da cinikin?

Tsohon Ɗan Jarida:
Wannan ita ce tambayar. A teburinmu dai ban taɓa ganin wanda ya faɗi zaɓe ya sayi shafi ba.

Injiniyan Sauti:
Wanda ba shi da kuɗin shafi ai ba za a ce ya daina godiya ba, bakinsa ne aka rufe. Ganga in ta cika zaƙi ta kusa fashewa. A 1975 Slade suka tattara suka koma Amurka neman kasuwa, suka yi kusan shekara biyu abin bai yi ba. Da suka dawo yayi ya canza, 'yan sabon salon kiɗan punk sun karɓe fili, har faifansu na 1977 suka sa masa sunan tambayar da ake yi a gari, wai ina Slade suka shiga. Suka koma buga ƙananan kulob. Bolan ya rasu a haɗarin mota a Satumbar 1977, saura mako biyu ya cika 30. Sweet suka rabu da mai waƙarsu Brian Connolly a 1979.

Sai a Agustan 1980, mawaƙi Ozzy Osbourne ya janye daga bikin kiɗa na Reading, aka nemi Slade su cike gurbi a ƙurarren lokaci. Dave Hill ma ya riga ya yanke shawarar bari, Chas Chandler ne ya lallashe shi ya zo a yi na bankwana. Taron na masu son kiɗa mai nauyi ne, ana zaton za a jefe su. Sai ga dubban mutane suna rera waƙoƙin nan baiti-baiti, har ta Kirsimeti, a ƙarshen Agusta. Yaran 1973 ne suka girma, suka sa baƙar riga, amma ba su manta ba. Daga nan suka sake tashi. Ka ga ashe su masu takardar zaɓen ne suka ci gaba da biya, ba a ma tambaye su ba.

'Yar Damagaram:
Jaridun fa, suna nan?

Tsohon Ɗan Jarida:
Ina fa. Sounds da Record Mirror sun rufe a 1991. Melody Maker aka haɗe ta da NME a 2000. NME ɗin ma, wadda ita ta fara buga jerin faifan da suka fi kasuwa a Ingila a 1952, ta daina fitowa mako-mako a takarda a 2018. Yau mawaƙi zai rubuta godiya sau goma a yini ba ko sisi, shi ya sa ba mai yanke ta ya ajiye a akwati. Kada ku ce na canza sheƙa, har yanzu ina bin wancan mutumin kuɗina.

Mai Faifai, kada ka sa wa shafin salatif, zai ƙone takardar. Ka shimfiɗa shi tsakanin farar takarda biyu, ka ɗauki hotonsa, ka raba shi da akwatin nan. Kuma ka duba bayansa, wani lokacin kwanan wata ko sunan jaridar na can.

Mai Faifai:
Na gode Malam. Bayan shafin ƙananan tallace-tallace ne, masu neman mai ganga, masu sayar da jita, masu sayar da wando ta gidan waya. Saman da kwanan wata yake ya tafi.

Amma jama'a ku ji abin da na gani. Da nake juya sauran jaridun a hankali ina neman inda shafin ya fito, sai na tarar da wani rami a ɗaya daga ciki. Na ɗauka gara ce. Da na duba da kyau, gefensa a miƙe yake sak, kusurwa huɗu, aikin almakashi. Rubutun da ya rage a samansa yana cewa a cike a aiko kafin ranar rufewa. Takardar zaɓen ce. Kawu ya yanke ta.

Mutumin nan fa ko rediyo aka ƙure a gidansa sai ya fito da carbi a hannu ya ce a rage. Mu duk tsoronsa muke ji.

Malama Uwar Biyu:
Allahu akbar. Ashe godiyar tasa ce, shi ya sa ya ajiye.

Ɗan Tasha:
Allah ya jiƙan Kawu da rahama. Ni dai har yanzu ina cewa an ci kuɗin kan sarkinsa.

Baba Mai Ritaya:
Mahaifiyarka na da rai, ɗana? Ka tambaye ta. 'Yan uwa mata ba abin da ke wuce su.

Mai Faifai:
Yanzu na fito daga ɗakinta, Baba. Ta ce ita ba ta san sunan kowa ba, kuma in daina tone-tonen mamaci. Har na kai ƙofa sai ta kira ni. Ta ce ranar da ya sauka a filin jirgin Kano a 1975, da wasu takalma ya sauko masu tudu kamar turmi, ga gashi ya yi tsiri, har ya fi kakanmu tsawo da kusan taƙi guda, alhali da kafaɗa ɗaya suke. Kakanmu bai ce komai ba har aka iso gida aka ci abinci. Washegari da asuba aka kira wanzami, takalman kuma aka ba wani baduku a bakin kasuwa ya sare tudun. Ta ce ya yi shekara biyu yana zuwa ofis da su a haka.